Zama Malamin Asibiti: Jagora ga Matasan Zungeru da Kewaye

A ƙauyukan da ke kewaye da Zungeru, daga bakin kogin Kaduna har rugagen da ke kan hanyar Tegina, wanda zazzaɓi ya kayar ba likita yake fara gani ba. Malamin asibiti yake gani, ko malamar asibiti, a ɗakin shan magani na gunduma. Shi ne mai awon ciki, shi ne mai allurar rigakafi, shi ke wanke raunin manomin da fartanya ta sare shi, shi ne kuma zai ce a nemi mota a tafi Minna tun dare bai yi ba. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya, da ƙananan hukumomi 25 da gundumomi 274, likitocinta kuwa sun fi taruwa a Minna da Bida da Suleja da Kontagora. Sauran ƙasar tana wuyan waɗannan ma'aikata.

Wannan aiki sana'a ce mai makaranta da jarrabawa da lasisi. Ba a gadonta, ba a kuma koyonta da zaman shagon kemis. Mai son shiga yana bukatar sanin hanyar tun daga farko, domin yawancin waɗanda suka yi asarar shekaru da kuɗi a bakin ƙofa suka ɓata, ba a cikin aji ba.

Asalin aikin da matakansa

Horar da mataimakan likita ya daɗe a ƙasar nan. Makarantar likitanci ta Yaba da aka buɗe a 1930 mataimaka take yayewa, makarantar tsafta ta Kano kuma tun 1932 take fitar da duba-gari. Tsarin da ake bi yau ya faro ne a shekarun 1970, lokacin da gwamnati ta shiga buɗe makarantun fasahar kiwon lafiya a jihohi. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa ra'ayin cewa a kai lafiya inda mutane suke zaune, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya dasa shi sosai lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1992 ɗin ne Doka mai lamba 61 ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, wato CHPRBN. Riƙe wannan suna, domin ita ce mai amincewa da makaranta, ita ce mai shirya jarrabawar ƙasa, ita ce mai ba da lasisi.

Matakan uku ne. Na ƙasa shi ne JCHEW, karatun shekara biyu, kuma mai wannan shaida an tsara ya fi zama cikin gari, gida-gida, fiye da zama a asibiti. Na tsakiya shi ne CHEW, difloma ta shekara uku. Shi ne ake yawan barin ɗakin shan magani a hannunsa. Na sama shi ne CHO, babban jami'in lafiyar al'umma, wanda ake horarwa a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Aminu Kano, bayan mutum ya zama CHEW ya kuma taɓa aiki. Wanda ya fara da JCHEW yana iya komawa makaranta ya hau mataki na gaba.

Makarantun da ke koyar da wannan sukan koyar da wasu fannoni dabam: gwajin jini, haɗa magani, duba-gari, adana bayanan marasa lafiya, kula da haƙori. Kowanne da hukumarsa da lasisinsa. Aikin nas da ungozoma shi ma hanyarsa dabam, hukumarsa dabam. Ka san wanda kake nema kafin ka cike fom, don ba a sauya layi cikin sauƙi bayan an yi nisa.

Shiri tun daga sakandare

Ƙofar CHEW kiredit biyar ce: Ingilishi, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu, daga WAEC ko NECO ko makamancinsu. Ma'ana, shawarar tana farawa ne tun ranar da yaro zai zaɓi ajin kimiyya a babbar sakandare. Wanda ya rasa Kemistiri ko Fiziks, gara ya sake zama jarrabawa ya cike giɓin da ya bi mai cewa zai "gyara masa takarda". Ana tantance sakamako wurin hukumar da ta ba da shi, hedikwatar NECO ma a Minna take, kuma takardar bogi takan tonu ne a lokacin da ya fi ciwo, bayan an biya kuɗin makaranta.

Abu na biyu da ke tuntuɓe da mutane shi ne suna. Yaro ya rubuta Muhammad a sakandare, Mohammed a katin NIN, Mamman a takardar haihuwa. Ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Ka daidaita su tun yanzu. Sai ka tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, ga ɗan Zungeru ke nan ta Wushishi, da shaidar kammala makaranta da hotuna. Wasu makarantun sun koma tsarin ND da HND, suna ɗaukar ɗalibai ta hanyar JAMB, wasu kuma da fom ɗinsu da jarrabawar shiga da ganawa. Sanarwar makarantar ta wannan shekarar ita ce abin bi, ba labarin wanda ya shiga shekara biyar da suka wuce ba.

Zaɓen makaranta

Gwamnatin jiha tana da makarantar fasahar kiwon lafiya a Minna, tana da wata a Tungan Magajiya cikin ƙaramar hukumar Rijau. Ga ɗan Zungeru ta Minna ce kusa. Akwai kuma masu zaman kansu da yawa, wasu nagari, wasu allo ne kawai a bakin titi. Kada kyan gini ya ruɗe ka. Tambayoyi huɗu za ka yi, kuma ka nemi amsarsu a rubuce.

Na ɗaya: hukumar CHPRBN ta amince da wannan makaranta, kuma ta amince da wannan kwas ɗin musamman? Makaranta tana iya samun izinin JCHEW ba ta da na CHEW. Ka duba jerin da hukumar ke fitarwa da kanka.

Na biyu: ɗalibai nawa aka ba ta izinin ɗauka, nawa ta ɗauka? Hukuma tana yanka wa kowace makaranta adadi. Idan an ɗebi fiye da haka, rarar ba za su sami lambar rajista ba, wanda ba shi da lamba kuwa ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba. Akwai masu gama shekara uku su zauna jiran layi.

Na uku: ina asibitin gwaji da ɗakin koyon aiki, kuma a waɗanne asibitoci da ƙauyuka ake tura ɗalibai?

Na huɗu: 'yan ajin da suka fita bara, nawa suka ci jarrabawar hukuma? Wannan tsofaffin ɗalibai za ka tambaya, ba ofishin shugaban makaranta ba.

Wajen lissafin kuɗi kada a tsaya kan kuɗin makaranta kaɗai. Akwai na rajista da hukuma, na jarrabawar ƙasa, na yunifom, na masauki da abinci lokacin zaman ƙauye, na buga aikin bincike. Akwai kuma kayan aiki na kanka: ma'aunin hawan jini, abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafin jiki, tef na awo, da agogo mai nuna sakan. Iyaye su san wannan tun farko, kada a shiga shekara ta biyu a tsaya. Kowane kuɗi a biya ta banki, a adana rasit.

Abin da ke cikin aji

Zangon farko shi ne matsatsi. Makarantu da yawa sukan yi jarrabawar tankaɗe a ƙarshensa, wanda ya faɗi ya koma gida. Darasin da ya fi kayar da mutane shi ne na sassan jiki da yadda suke aiki, saboda yawan sunaye. Dabarar ita ce zane: ka zana zuciya da huhu da ƙoda da hannunka, ka sa sunayen, ka kuma bayyana wa abokinka da Hausa. Abin da ba ka iya faɗa da harshenka ba, haddace shi ka yi, ba ka gane shi ba.

Daga nan sai kula da mai ciki da jariri, rigakafi, abinci mai gina jiki, tazarar haihuwa, cututtuka masu yaɗuwa, agajin gaggawa, lafiyar ido da baki da ƙwaƙwalwa, ruwa da tsaftar muhalli, sarrafa magunguna, da cike rajista da haɗa alƙaluman wata. Wannan na ƙarshen ɗalibai ke rainawa, alhali da shi ake gane ɓarkewar cuta, da shi ake aiko wa asibiti magani.

Aikin hannu

Ana ba kowane ɗalibi littafin da ake sa masa hannu a kan duk aikin da ya yi a gaban mai kula da shi. Wasu sukan bi ma'aikata da roƙo a sa musu hannu kan abin da ba su yi ba. Ranar jarrabawar aiki, da ranar da aka bar ka kai kaɗai da mai naƙuda, babu sa hannun da zai cece ka. Ga abubuwan da ya kamata su zauna maka daram kafin ka fita:

Ƙirga numfashin yaro minti ɗaya cur, yana kwance lafiya ba yana kuka ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ga tari ga saurin numfashi, ka yi zargin limoniya. Idan ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki, lamarin ya fi haka.

Auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da tef mai launi, a tsakiyar hannun hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. Ka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa. Idan gurbin ya zauna, kumburin yunwa ne ko da tef ya nuna kore.

Gwajin maleriya kafin ba da magani. Ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba, kuma ɗan gwajin nan na digon jini minti 15 zuwa 20 yake ɗauka.

Ruwan gishiri da suga ga mai gudawa. Ƙunshin ORS a narka shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Ka iya nuna wa uwa da kwanon gidanta, ba da na asibiti ba.

Awon ciki. Hawan jini da ya kai 140 bisa 90, tare da ciwon kai ko kumburin fuska ko gani dishi-dishi, gargaɗin jijjiga ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas. Maganin kariya daga maleriya ana fara shi bayan wata uku na farko, a riƙa ba da tazarar wata guda.

Rigakafi. Ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15: waɗannan ranaku ka san su kamar sunanka, da abin da ake bayarwa a kowace, daga BCG da ɗigon shan inna har ƙyanda da shawara da sanƙarau. A asibiti ana ajiye maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8, ana duba firij safe da yamma a rubuta. A jikin kwalba akwai ɗan murabba'i cikin da'ira. Idan ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, zafi ya lalata maganin. Na ƙyanda da BCG, da zarar an haɗa su da ruwansu, bayan awa shida zubarwa ake yi. Garinmu yana da madatsar ruwa mai ba da megawat 700, amma firijin ƙauye da hasken rana ya dogara, don haka ka koyi kula da shi, ka koyi jera ƙanƙara a akwatin tafiya yadda maganin da ba ya son daskarewa ba zai taɓa ta ba. Da irin wannan kula aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Allura ɗaya, mutum ɗaya, sannan a jefa ta akwatin ƙonawa ba tare da mayar da murfi ba. Kai ma ka yi rigakafin ciwon hanta kafin ka fara taɓa jini.

Littafin ƙa'ida da sanin iyaka

Nan ne zuciyar sana'ar. Malamin asibiti ba da ra'ayinsa yake duba marar lafiya ba. Akwai littafin da ake kira Standing Orders, wanda ya jera koke-koke bisa shekarun marar lafiya: abin da za ka tambaya, abin da za ka duba, hukuncin da abin da ka gani ya nuna, da matakin da za ka ɗauka. Wani wurin zai ce ba da magani kaza, wani wurin zai ce yi taimakon farko ka tura gaba. Muddin kana cikin littafin, doka tana bayanka. Ka fita daga cikinsa, kai kaɗai ne.

Buɗe littafin a gaban marar lafiya ba abin kunya ba ne. A ƙauye za a kira ka likita, za a kawo maka kaza da doya, za a ce allurarka ta fi ta Minna. A nan ne wasu ke zamewa: su fara ƙarin ruwa ga duk wanda ya ce ya gaji, su yi ƙarin jini a ɗaki, har su kai ga yanka. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Manufar raba ayyuka da gwamnati ta fitar a 2014 ta faɗaɗa abin da CHEW zai iya yi, musamman wajen karɓar haihuwa da tazarar haihuwa, amma da sharaɗin horo da sa ido, ba don kowa ya zama likitan kansa ba.

Alamomin da ba a jayayya da su: yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, mai amayar da komai, mai suma ko taune-taune, wanda ba ya farkawa sosai, mai ciki da ke zubar da jini ko jijjiga, naƙudar da ta wuce awa 12, saran maciji, wuyan da ya sandare da zazzaɓi. Turawa ma aiki ce da ake koya. Ka ba da maganin farko da littafi ya ce, ka rubuta takarda mai ɗauke da abin da ka gani da abin da ka bayar da ƙarfe nawa, ka kira asibitin da za a je, ko Babban Asibitin Minna ne ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Ka san direbobin garin da lambobinsu tun kafin bukata ta taso. Sannan ka zauna da maigida ka yi masa bayani, don sau da yawa jinkirin ba na hanya ba ne, na shawara ne. "Baba, wannan ya fi ƙarfin kayan da muke da su a nan, in muka kai gobe, abin da za a kashe ya ninka, kuma ba mu da tabbas." Magana irin wannan, cikin ladabi, tana cikin aikin.

Zaman ƙauye

Kafin kammalawa ana tura ɗalibai su zauna cikin wata al'umma. Ana farawa da gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, da liman, da shugaban coci inda akwai, da ardo idan akwai ruga. Sai zana taswirar gari, sa wa gidaje lamba, ƙirga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, duba inda ake ɗiban ruwa da inda ake bahaya. Daga nan a zauna da mutanen gari a fitar da abin da ya fi damunsu.

Ƙasar Zungeru tana da nata cututtukan. Inda yara ke wanka a kogi da bakin dam, ka tambayi fitsarin jini, wato tsargiya. Da damina ga maleriya ga amai da gudawa, musamman bayan ambaliya. Da bazara ga ƙyanda ga sanƙarau, wanda ya taɓa jihar nan a annobar 2017. A 2015 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara a ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi, maƙwabciyarmu. Darasin shi ne, idan ka ga yara da yawa da alama iri ɗaya wadda maganin da aka saba bai taɓa ta, kada ka jira ƙarshen wata. Ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.

Harshe jari ne. Wanda ya iya Gwari ko Nufanci ko Fulatanci bayan Hausa ya riga abokansa. Ungozomar gargajiya da wanzami kuma kada ka mai da su abokan gaba. Sun riga ka shiga gidajen. Ka jawo su, su zama masu turo maka mai ciki da wuri, ka kuma lallashe su kan abin da ke cutarwa, irin cire beli da yanke cibiya da reza mai tsatsa. Ga 'yan mata kuwa, wannan fanni yana neman ku ido rufe: akwai gidaje da yawa da mace ba za ta buɗe bakinta ga namiji kan ciki ko haihuwa ba, kuma malama ɗaya a asibitin gunduma tana iya sauya yawan masu zuwa awo. Sirrin da aka faɗa miki a ɗakin awo kuwa, a nan yake mutuwa. Ƙaramin gari ne, magana ɗaya ta fita, an daina zuwa.

Jarrabawa, lasisi da aiki

Jarrabawa biyu ce a ƙarshe: ta makaranta da ta hukuma. Ta hukumar tana da rubutu, tana da aiki a gaban masu jarrabawa daga waje, inda za a ba ka marar lafiya ko wani aiki a ga yadda za ka gaisa, ka wanke hannu, ka yi tambaya, ka bi littafi. Ka yi ta gwadawa da abokanka, ɗaya ya zama marar lafiya, ɗaya mai ba da maki. Bayan an ci sai rantsuwa da rajista da lasisi, wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci tare da halartar bita. Shaidar makaranta ba lasisi ba ce.

Aikin gwamnati yana zuwa ta hukumar lafiya matakin farko ta jiha da ƙananan hukumomi, kuma ba kullum ake ɗauka ba. Da yawa sukan fara da sa kai a asibitin gundumarsu, ko aikin wucin gadi na zagayen rigakafi da rabon maganin maleriya na damina, ko asibiti mai zaman kansa, ko ƙungiyoyin agaji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, kuma asibitocin da ke cin gajiyar wannan kuɗi sukan bukaci hannu. Idan za ka yi sa kai, ka nemi takarda daga shugaban asibitin da ke nuna ranar da ka fara da aikin da kake yi. Za ta yi maka amfani ranar ɗaukar ma'aikata. Kada ka ba kowa kuɗi don ya sama maka aiki.

Ka buɗe fayil guda tun ranar da ka sayi fom: sakamakon sakandare, takardar shiga, lambar rajista, rasit, littafin aikin hannu, lasisi, shaidar kowace bita. Da wannan fayil za ka nemi aiki, da shi za ka nemi gurbin CHO ko digiri a fannin lafiyar al'umma bayan ka yi 'yan shekaru kana aiki. Mai shirin shiga bana kuwa, abin da ke gabansa a wannan makon biyu ne: ya ɗauko sakamakonsa ya ƙirga kiredit biyar ɗin nan, ya kuma duba ko sunan makarantar da yake so yana cikin jerin hukuma.